An Ce Babu Karaya, Amma Hannu Ya Ƙi Ɗaguwa: Tarihin Yadda Aka Koyi Leƙa Cikin Kafaɗa

In kana bibiyar kokawa ko dambe a Sakkwato, ko kana da ɗan'uwa mai tsaron gida a ƙwallo, da wuya ba ka taɓa jin irin wannan labari ba. An ka da mutum a fili, ya faɗi a kan kafaɗa, ko ya dafa ƙasa da hannu a miƙe. An kai shi wurin maɗori, an ja, an shafa magani, an ɗaure. Da abin ya ƙi daɗi aka tafi asibiti, aka yi hoton ƙashi, aka ce babu karaya, targaɗe ne kawai. Wata uku sun wuce, kumburi ya sace, amma har yau ba ya iya sa hula da wannan hannun, kuma da ya juya kan wannan gefen cikin dare sai zogi ya tashe shi.

Maɗorin bai yi ƙarya ba, mai hoton ma haka. Ƙashin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya lalace wani abu ne da hoton ƙashi ba ya nunawa, kuma sai da likitanci ya shafe sama da shekara 2,000 kafin ya iya ganinsa a jikin mai rai. Da aka samu na'urorin ganinsa kuma, sai wata sabuwar rigima ta taso: ashe akwai ɗimbin mutane da ke yawo da irin wannan rauni, ba su ma san suna da shi ba. Tarihin nan biyu za mu bi, domin su ne za su nuna maka lokacin da hoto ke ceton hannu, da lokacin da yake cinye kuɗi a banza.

Tulu a kan gammo

Mu fara da yadda gaɓar take. Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi: kan ƙashin cinya ya nutse cikin rami mai zurfi, ƙashi ne ke riƙe da ƙashi. Kafaɗa kuwa ta fi kama da tulu a kan gammo. Kan ƙashin damtse babba ne, mazauninsa a jikin allon kafaɗa kuma ƙarami ne, marar zurfi, bai fi rufe kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Shi ya sa babu gaɓar da ta kai kafaɗa juyawa a jikinka, kuma shi ya sa a cikin manyan gaɓoɓi babu wadda ta kai ta yawan gocewa.

To me ke riƙe da tulun? Tsokoki ne guda 4 da suka taso daga allon kafaɗa: ɗaya a sama, biyu a baya, ɗaya a gaba. Jijiyoyinsu sun haɗu sun lulluɓe kan ƙashin damtse. Likitoci na kiransu roteto kof, mu a nan za mu ce ɗamarar kafaɗa. Ka lura, kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar abu uku: ta jini, ta saƙon ƙwaƙwalwa, da farar igiyar nan mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan dunduniya. Ta ukun muke nufi. Duk mahaucin da ya taɓa feɗe kafaɗar rago ya san ta.

Aikin ɗamarar nan ba ɗaukar nauyi ba ne. Babbar tsokar da kake gani ta tasa a kafaɗar ɗan kokawa ita ke ɗaga hannu. Amma ka tuna yadda ake ta da doguwar azara a wurin gini: masu ƙarfi suna turawa sama, wani kuma ya danne gindinta da ƙafa don kada ta zame. Ɗamarar kafaɗa ita ce mai danne gindin. In ta tsinke, babbar tsoka tana nan da ƙarfinta, amma sai ta riƙa jan kan ƙashin sama maimakon ta juya shi. Mutum ya yi ta ɗaga kafaɗa zuwa kunne, hannu ya ƙi bi. Jijiyar sama, wadda ake kira sufrasfinatus, ita ta fi yawan yagewa, don tana bi ta wani matsattsen lungu ƙarƙashin ƙashin da ya yi wa kafaɗa rumfa.

Zamanin hannu da wuta

Kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), likitan Girka Hifokiratis, wanda littattafan Larabci ke kira Abuƙiraɗ, ya rubuta hanyoyin mai da kafaɗar da ta goce. Wadda ta fi shahara ita ce a kwantar da mutum, a sa dunduniya a hammatarsa, a ja hannun. Ya ambaci cewa wasu hanyoyin sun dace da filin kokawa, tunda ba sa buƙatar kayan aiki. Ka ga tun farkon lamarin, 'yan kokawa ne suka koya wa likitoci kafaɗa. Ga wanda tasa ke yawan gocewa kuwa, sai ya ce a yi masa lalas a hammata da jan ƙarfe, tabon ya ɗaure wurin. Bayan fiye da shekara dubu, Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya kawo irin wannan lalas ɗin a littafinsa At-Tasrif.

Mu dawo gida. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, aka rufe shi a inda muke kira Hubbare yau. Bayan shekara 7, a 1824, Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A kan hanyarsa ya tsaya Kano, ya biya kuɗi aka yi dambe a gabansa, ya rubuta yadda mahauta suka cika wurin da makaɗansu, da yadda ake naɗe hannun bugu. Wato shekara 200 ke nan da aka rubuta labarin damben da muke kallo yau, kuma tun lokacin kafaɗu ke shan wuya. Shi kansa Bello ya rubuta littattafai a kan magani, har ya nemi a turo masa likita daga Ingila. Amma a wancan zamani, ko maɗori a Sakkwato ko likita a Landan, kayan aikinsu a kan kafaɗa ɗaya ne: ido, yatsu, da abin da mai ciwo ya faɗa. Suna gane karaya, suna gane gocewa. Duk abin da ya saura sai a zuba shi a kwando ɗaya, a ce targaɗe ko sanyin ƙashi.

A jikin matattu aka fara ganin yagewar. A 1788, lokacin Shehu yana yawon wa'azi a Zamfara da Gobir, wani malamin ilimin sassan jiki a Edinbura ta Sikotland, Alexander Monro, ya buga zanen kafaɗa mai huda a wannan jijiya. A 1834, Bello yana kan gadon mulki, John Gregory Smith ya bayyana kafaɗu 7 da ya gani a ɗakin feɗe gawa a Landan, da jijiyoyinsu a yage. Sai dai gawa ba ta faɗin ko tana jin ciwo lokacin da take raye. Riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Hasken da ya ga ƙashi ya tsallake jijiya

Ranar 8 ga Nuwamba 1895, Wilhelm Röntgen a garin Wuzbag na Jamus ya gano hasken da ke ratsa nama. Kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zoben aure. Ƙashi yana da sinadarin kalsiyam mai tare hasken, sai ya fito fari. Jijiya da tsoka kuwa hasken ratsa su yake yi, sai su fito dishi-dishi, ba a bambance mai lafiya da yagaggiya. Daga nan aka haifi jimlar nan ta "hoto bai nuna komai ba", wadda har gobe ake faɗa wa mutane.

Wanda ya ƙi yarda da jimlar shi ne Ernest Amory Codman, likitan tiyata a Boston ta Amurka. Yana cikin waɗanda suka fara aiki da hoton ƙashi a garin, don haka ya san iyakar hoton. Ya riƙa ganin leburori da suka faɗi, hotonsu lafiya, hannu ba ya ɗaguwa, ana zarginsu da lalaci. A 1909 ya buɗe kafaɗa ya ɗinke jijiyar sama da ta tsinke, a 1911 ya buga rahoton mutum 2 da ya yi wa wannan aiki. A 1934 ya fitar da littafi guda sukutum a kan kafaɗa. Har yau ana amfani da gwajinsa: a ɗaga wa mutum hannu gefe, a ce ya sauke shi a hankali. In ɗamara ta tsinke sosai, hannun faɗuwa yake yi tim. Motsa jikin nan da masu fisiyo ke koyarwa, na a sunkuya a bar hannu yana lilo, shi ma sunansa yake ɗauke da shi.

Codman yana da wata aƙida da ta jawo masa baƙin jini: ya ce kowane asibiti ya bi sawun kowane majinyaci aƙalla shekara guda, ya rubuta ko aikin da aka yi masa ya yi amfani, in bai yi ba a faɗi dalili. Abokan aikinsa ba su ji daɗin wannan ba, har ya bar babban asibitin Masacuset a 1914. Tambayar tasa, wato "shin mutumin ya samu sauƙi kuwa?", ita ce ta dawo ta girgiza likitocin kafaɗa bayan shekara 100.

Ruwa, sauti, maganaɗisu

Dabara ta farko ta ganin huda a jikin mai rai ta zo daga Suwidin. A 1939, shekara guda bayan naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na III, Knut Lindblom ya nuna cewa in an yi allurar wani ruwa mai fitowa a hoto cikin gaɓar, sannan aka ɗauki hoton ƙashi, za a gane. In ɗamara lafiya take, ruwan zai tsaya a cikin gaɓa. In ta huje, sai a gan shi ya tsallaka sama. Kamar dai yadda ake gwada salka: a cika ta, a duba inda take yoyo. An yi shekaru kusan 40 wannan ce babbar hanya, amma tana da zafi, kuma ba ta cika nuna yagewar da ba ta huda jijiya gaba ɗaya ba.

Sai sikanin. Na'urar nan da ake duba masu juna biyu da ita, wadda Ian Donald na Gilasgo ya buga sakamakonta a 1958, sauti take aikawa cikin jiki, mai sirantaka fiye da abin da kunne ke ji, ta saurari amsa-kuwwarsa ta mai da shi hoto. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980 aka koyi ɗora ta a kafaɗa. Tana da wata falala: ana iya cewa mutum ya motsa hannu ana kallon jijiyar tana tafiya, a kuma duba ɗayar kafaɗar nan take don kwatance. Rauninta shi ne ta dogara ƙwarai da gwanintar mai riƙe da ita.

MRI kuma ta samo asali daga aikin Paul Lauterbur na 1973 da na Peter Mansfield, waɗanda suka raba kyautar Nobel a 2003. Ana sa mutum cikin ƙaton maganaɗisu, a aika masa igiyar rediyo, ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jiki su mayar da amsa, kwamfuta ta haɗa hoto. Tunda ruwan jijiya da na tsoka da na kitse ba ɗaya ba ne, kowanne sai ya fito daban. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara amfani da ita a kafaɗa. A karon farko ana ganin girman yagewa, da nisan da jijiya ta ja baya, da halin da tsokar take ciki, ba tare da an tsaga fata ba.

Da ido ya buɗe, wuƙa ta yi yawa

A 1972 Charles Neer na Niyu Yok ya kawo bayani mai sauƙin kamawa. Ya ce rumfar ƙashin nan da ke saman kafaɗa ita ke gogar jijiya duk lokacin da aka ɗaga hannu, har ta cinye ta, kamar igiyar guga a bakin rijiya. Daga baya ya ce kashi 95 cikin 100 na yagewa daga nan suke farawa. Magani kuwa a kankare ƙasan rumfar. Da aka iya yin aikin ta 'yan ƙananan huda da kyamara a shekarun 1980, sai ya bazu. A Ingila kaɗai, daga kusan 2,500 a shekarar 2000 ya haura 21,000 a 2010.

Likitocin 'yan wasa su suka fara ganin cewa labarin bai cika ba. Frank Jobe, likitan ƙungiyar ƙwallon sanda ta Dodgers a Los Anjalis, ya lura cewa a jikin matasa masu jifa, sau da yawa sassaucin gaɓa da raunin tsoka ne tushen matsalar. Shi ne a 1982 ya bayyana gwajin da ake miƙe hannu, babban yatsa yana kallon ƙasa kamar mai juye ruwan buta, likita ya danna, a ga ƙarfin jijiyar sama. A 1992 Gilles Walch na Liyon a Faransa ya nuna cewa a wurin masu jifa, jijiyar daga ciki take matsewa, lokacin da aka ja hannu baya za a saki. Ka yi tunanin ɗan dambe ya ja hannun bugu baya ya kawo shi da faɗi. A ƙwallon sanda an auna saurin juyawar kafaɗa lokacin jifa ya kai kusan digiri 7,000 a sakan ɗaya. Bayan an saki kuma, jijiyoyin baya ne ke taka wa hannu birki. Naushin da ya kuskure ya sha iska, su ke biyan kuɗinsa.

Sannan sai aka yi abin da tun zamanin Smith ba a iya yi ba: aka tambayi masu yagewar ko suna jin ciwo. A 1995 Sher da abokan aikinsa a Amurka suka sa mutum 96 da ba su da wani ciwon kafaɗa cikin MRI. Kashi 34 cikin 100 suna da yagewa. A cikin waɗanda suka haura shekara 60, kashi 54 ne. A wani ƙauye a Japan, binciken Yamamoto na 2010 ya duba mutum 683 da sikanin, ya samu cikakkiyar huda a kusan kafaɗa 1 cikin 5, kuma abin yana ƙaruwa da shekaru. Wani binciken ƙauye a can ya nuna kusan 2 cikin 3 na masu hudar ba sa jin komai. A 2003 Connor ya duba manyan 'yan wasa 20 masu amfani da hannu a sama, lafiyayyu: kashi 40 na kafaɗun da suke wasa da su sun nuna alamar yagewa. Bayan shekara 5 aka koma kansu, babu wanda ya samu matsala. Ashe wasu yagewar kamar furfura suke, ko kamar kanta a tafin manomi.

Tiyatar ma aka auna ta. A 2018 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a asibitoci 32 na Birtaniya, da mutum 313 masu ciwon kafaɗa waɗanda jijiyarsu ba ta huje gaba ɗaya ba. Wasu aka kankare musu ƙashi irin na Neer, wasu aka shiga da kyamara aka fito ba a kankare komai ba, ba tare da sun san wanne aka yi musu ba, wasu kuma aka bar su ana lura da su. Tsakanin waɗanda aka kankare da waɗanda aka leƙa kawai, babu bambanci. Wani gwaji a Finlan a shekarar ya ba da irin wannan sakamako. Kafin nan, a 2013, Kuhn da ƙungiyarsa a Amurka sun bi mutum 452 masu cikakkiyar huda wadda ba faɗuwa ce ta jawo ta ba. Da motsa jiki a hannun masu fisiyo, kusan 3 cikin 4 ba su nemi tiyata ba har bayan shekara 2.

Kada ka ɗauka ɗinki ma sihiri ne ga ɗan wasa. A rahoton Mazoué da Andrews na 2006, cikin ƙwararrun majefa 12 da aka ɗinke wa cikakkiyar yagewa, 1 tak ya koma wasa a matakinsa na da. Kobe Bryant na ƙwallon kwando ya yage tasa a Janairu 2015 yana da shekara 36, aka yi masa aiki, sai da ya shafe kusan wata 9 kafin ya dawo, da duk irin kulawar da kuɗi ke saye. Mohamed Salah kuwa, da ya faɗi a kan kafaɗa a wasan ƙarshe na Zakarun Turai ranar 26 ga Mayu 2018, ranar 19 ga Yuni yana fili a gasar cin kofin duniya, don nasa raunin a igiyoyin gaɓa ne, ɗamarar ba ta tsinke ba. Duk sunansu ciwon kafaɗa, amma ba abu ɗaya ba ne.

To mu a nan, ina muka tsaya?

Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, mai mutum sama da miliyan 370, 58 daga ciki a Nijeriya. Ɗan kokawar da ya taso daga ƙauyen Gwadabawa ko Illela, ko wanda ya tsallako daga Ƙonni, ba shi da kuɗin da zai zubar a hoton da ba zai canza komai ba. Labari mai daɗi shi ne nazarin Cochrane na 2013, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa wajen gano cikakkiyar huda, sikanin da MRI kusan kunnen doki suke, kowanne yana dacewa sama da kashi 90 cikin 100. Sikanin kuwa ya fi araha nesa ba kusa ba, matuƙar an samu wanda ya ƙware a duba kafaɗa.

Abin da tarihin nan ya bar mana shi ne mu raba yagewa gida biyu.

Ta farko ita ce ta lalacewa a hankali. Ciwo ya shigo ba tare da faɗuwa ba, yana tsananta in an ɗaga hannu sama ko cikin dare, amma ƙarfi yana nan. Ita ce ta tsohon ɗan dambe, da magini, da manomi, da matar da ta shekara 30 tana daka. A nan gaggawar hoto ba ta da amfani. Abin da ake farawa da shi shi ne rage aikin da ke tsokano ciwon, da motsa jiki na musamman don ƙarfafa ɗamara da tsokokin allon kafaɗa, na tsawon sati 6 zuwa 12 aƙalla. Mutane na kiran sashen fisiyo wurin gashi, amma ba gashin ne maganin ba, atisayen ne, kuma a gida ake yin mafi yawansa. Allurar kotizon tana rage zogi na 'yan makonni, sai dai yawan maimaita ta yana raunana jijiya. Shan taba da ciwon suga da ba a kula da shi ba suna jinkirta warkewa. Shan ƙwaya mai kashe zafi don a shiga fili kuwa, kashe ƙararrawa ne alhali wuta tana ci.

Ta biyu ita ce ta lokaci guda, kuma ita ce ba ta jira. Mutum yana lafiya, ya faɗi ko kafaɗarsa ta goce, daga ranar hannu ya daina ɗaguwa. A wurin matashi ɗan shekara 20, gocewa ta fi yaga leɓen guringuntsin da ke kewaye da mazaunin ƙashi, shi ya sa takan riƙa maimaituwa. A wurin wanda ya haura 40 kuwa, ɗamarar ce ta fi tsinkewa. Jijiyar da ta rabu da ƙashi gaba ɗaya ba ta komawa da kanta, domin tsoka tana janta baya kamar roba. Babu karan ɗori ko tsumman da zai kamo ta daga waje. In aka daɗe, tsokar takan shanye, kitse ya maye gurbinta, abin da Goutallier na Faransa ya tsara ma'auninsa a 1994, kuma wannan canji ba ya cika komawa ko an ɗinke daga baya. Shi ya sa likitoci ke son a yi irin wannan ɗinki cikin makonni, kada a kai watanni masu yawa.

Don haka ga ƙa'ida mai sauƙi. Bayan faɗuwa, hoton ƙashi yana da amfaninsa, don ya kore karaya da gocewa. Amma in an ce babu karaya, ko an mai da gocewa, sannan bayan kamar sati 2 mutum ba ya iya ɗaga hannu zuwa daidai kafaɗa, ko ba ya iya riƙe shi a sama in an ɗaga masa, to magana ba ta ƙare ba. A koma a nemi likitan ƙashi, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙashi na Wamakko, ko na Dala a Kano, a faɗa masa ƙarara cewa ƙarfi ne ya tafi, ba zafi kaɗai ba. Shi zai gwada da hannunsa, ya ce ko sikanin ya isa ko sai MRI. In an yi ɗinki, a shirya wa haƙuri: rataye hannu sati 4 zuwa 6, kusan wata 3 kafin jijiya ta kama ƙashi sosai, wata 6 ko fiye kafin a yi maganar komawa fili.

Akwai kuma ciwon kafaɗar da ba na ɗamara ba ne sam. In ya zo da zazzaɓi da kumburi mai zafi, ko da ciwon ƙirji da gumi, asibiti ake nufa a ranar. Mai sikila da kafaɗa ta dame shi ya nemi hoto da wuri, domin cutar kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin damtse.

Maɗora suna da matsayi a wannan lamari, tunda wurinsu ake fara zuwa, kuma jama'a sun yarda da su. Maɗorin da ya san gwajin Codman, ya ɗaga hannu ya ga ya faɗi, ya ce wa dangi "wannan ba nawa ba ne, ku kai shi a duba jijiya", ya ceci hannun da ɗauri na wata uku zai salwantar. Haka ma ubangidan ɗan wasa da ya hana yaronsa shiga fili da hannun da bai dawo da ƙarfinsa ba.

In kuma kai ne aka miƙa wa takardar sakamako mai cike da kalmomi masu ban tsoro, kafin ka sayar da gona ko babur, yi wa likita tambaya uku. Abin da aka gani a hoton nan, shi ne ke kawo ciwon, ko irin wanda ake samu ne a kafaɗar sa'o'ina masu lafiya? In na yi wata 3 ina atisaye kafin a yanke shawara, me zan rasa? Waɗanda aka yi wa wannan aiki masu irin shekaruna da irin sana'ata, nawa ne suka koma bakin aikinsu? Likitan kirki ba zai ji haushi ba. Ta ƙarshen ma tambayar Codman ce, yau fiye da shekara 100.